Rediyo da Gwaggo

Da asuba, kafin motocin masu kifi su fara layi a bakin ƙofa, Rediyo yana can ƙasa a ɗakin inji, ya jingina bayansa da babban bututu, yana kaɗa leɓɓansa kamar babur ɗin da ya ƙi tashi. Aikinsa ƙarfe shida yake farawa, amma biyar a nan take samunsa. In na sauko da akwatin kayan aikina, ba ya gaishe ni sai ya gama. Daga kaɗa leɓe sai ya ɗora tafin hannu a kan cibiya, ya ja iska, ya riƙa sakinta a hankali ta tsakanin haƙora, idonsa a kan agogon bango. Farkon farawarsa, daƙiƙa goma sha biyu yake kaiwa ya sare. A shekara ta uku yana wuce arba'in.

A gidan ƙanƙara muke aiki. Ni makaniki ne, shi kuma mai tsaron inji: ya duba ma'auni, ya ƙara mai, ya kira ni in wani abu ya canza. Shekara ashirin da shida ya yi a ɗakin nan, ni na yi sha tara. Injin kuwa ya riga mu duka zuwa. Gwaggo muke ce mata, don ta tsufa, ga mita, kuma ba wanda ya isa ya ce ta yi shiru. In tana aiki, ƙasa rawa take yi. Ka ajiye kofin shayi a tsakiyar benci, kafin ka juyo ya kama hanyar baki. Magana a wurin sai da ihu ko da hannu.

Ban iya yabon mutum ba. Abin da na sani, a shekara sha tara ban taɓa saukowa na tarar mai ya yi ƙasa ba, ban kuma taɓa samunsa yana gyangyaɗi ba. Matarsa ta rasu tun da daɗewa, 'ya'yansa maza biyu suna aiki a wasu garuruwa, shi da 'yarsa Auta suke zaune, wadda take aiki a shagon magani.

Sunan Rediyo wata rana ya samo shi da tsakar rana. Wuta ta ɗauke, janareta ya yi gardama, Gwaggo ta yi tsit. Sai ga murya tana tasowa daga ƙasa. Ashe duk shekarun nan waƙa yake yi a can, ƙarar inji tana rufa masa asiri. Idonsa a rufe, bai tsaya nan take ba, ya ƙara layi biyu, muryar tana hawa tana gangarowa kamar wanda ya ɓata a kasuwa. Masu lodi suka zubar da aiki suka taru a bakin matakala.

Ɗayansu ya leƙa ya ce, "Wa ya taka wa akuya ƙafa a ƙasan nan?"

Wani ya ce, "Ba akuya ba ce, rediyo ne. Batirinsa ne ya yi sanyi."

Shi ke nan suna ya bi shi. Har Manaja da shi yake kiransa.

Wani da an yi masa haka, da ya daina. Shi bayan wata guda ya zo mini da wata takarda da ya cire daga jikin bango. Wata tsohuwar malamar makaranta ce take koyar da waƙa ran Asabar da yamma, a saman wani shagon tela. Yana da shekara hamsin da biyu a lokacin.

Na ce, "Yaya, da furfurarka? Me za ka yi da ita, aure za ka ƙara?"

Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ya ce, "Injiniya, aikin nan namu, in ka yi shi daidai ba wanda ya san kana duniya. Sai ranar da ƙanƙara ta narke ake tuna sunanka. Ni so nake sau ɗaya in yi abu daidai a gaban mutane, suna kallo. Sau ɗaya kawai."

Na koma kan aikina.

Na ga ajin da idona saboda ya ja ni in gyara wa Malama fanka. Ɗaki ne ɗaya mai taga biyu, da benci uku, da ƙaramin fiyano na lantarki a kan tebur. Ƙarar keken ɗinki tana shigowa daga ƙasa. Ɗalibai goma sha ɗaya, yawancinsu 'yan mata, sai wani direba da wani ma'aikacin banki. Malama gajera ce, gwiwoyinta sun kumbura, tana koyarwa a zaune da sanda a hannu. Ina kan tsani ina kwance fanka, ina ji.

"Malam, kafaɗa ba ta numfashi. Sauke su. Ka cika ciki, ba wuya ba."

Ya sauke.

"Muƙamuƙin nan kuma wa ya ɗaure maka shi da waya? Yi hamma. A'a, ta gaske, irin ta mai jin barci. To a nan za ka bar maƙogwaronka."

'Yan matan suna ta ƙunshe dariya. Shi ko a jikinsa. Duk abin da ta ce, yi yake kamar umarnin likita. Ta ce ya daina shan ruwan sanyi. Mutumin da yake kwana yake tashi cikin ƙanƙara ya koma yawo da fulas ɗin ruwan ɗumi. Ta ce ya kwanta ya ɗora littafi a ciki ya ga yana hawa da sauka. Ya ga littafi ya yi masa sauƙi, ya ari babbar sifanata. Ta ce ya riƙa hura bututun shan lemo a cikin kofin ruwa yana fitar da sauti; sai ka sauko ka tarar da dattijo yana ɓulɓula ruwa kamar jariri a baho. Ya daina ihu a ɗakin inji gaba ɗaya, in yana son magana da ni sai ya ja ni waje.

Kuma abin ya yi aiki, wannan ba zan ɓoye ba. Muryar da da take fitowa a shaƙe ta buɗe, ta yi kauri, ta yi zurfi. Yana iya riƙe sauti ɗaya har ka gaji da jira. Abu ɗaya ne ya ƙi. In Malama ta danna fiyano ta ce ya kama wannan amon, sai ya kama na kusa da shi.

"Ka zo unguwar," in ji ta, "amma gidan maƙwabta ka shiga. Sake."

Ya sake, ya shiga gidan da yake ɗaya gefen.

Duk ƙarshen shekara Malama tana aron zauren wata makarantar firamare, ɗalibai su gayyato 'yan uwansu, wanda ya ƙware ya fito shi kaɗai ya rera waƙa ɗaya. Wannan fitowar ita yake nema. Shekarar farko ta sa shi a layin baya cikin masu amshi. Shekara ta biyu ma haka, har ta roƙe shi ya rage murya don yana janye na kusa da shi daga hanya. Auta ta je duka biyun, ta ce mini bakinsa kawai ta ga yana motsi.

Farkon shekara ta uku Malama ta shaida musu cewa wannan ce ta ƙarshe. Gwiwa ta hana ta hawa bene, ɗanta zai zo ya ɗauke ta ta koma wurinsa.

A makon ne ya ce mata shi fa a wurin aiki yana jin kamar daidai yake yi. Ta ce kowa haka yake ji a banɗaki. Bai yi musu ba. Washegari ya ba ni wayarsa ya ce in riƙe kusa da bakinsa, ya jingina da bututunsa ya rera waƙar da suke koyo, ta wani tsohon mai kwale-kwale da yake lallashin hannuwansa su kai shi gaɓa. Ran Asabar ya kai mata. Ya ce sau uku ta saurara, sannan ta tambaye shi wane ne wannan, don a wayar bai kauce ko sau ɗaya ba.

Ran Litinin da sassafe sai ga ta a mota mai ƙafa uku a ƙofar gidan ƙanƙara. Matakala goma sha ɗaya ce zuwa ɗakin inji. Ni da shi muka riƙe ta, tana sauka tana tsine wa wanda ya gina wurin. Da ta isa ƙasa ta tsaya, ta toshe kunne ɗaya, ta yi masa alama ya fara. Ya jingina ya fara. Ta bar shi ya yi baiti guda, sannan ta kama rigarsa ta janye shi daga jikin bututun zuwa tsakiyar ɗaki. Ya ci gaba, bai kauce sosai ba. Ta ajiye sandarta, ta ɗora tafin hannunta a kan bututun, ta daɗe a haka.

Da muka fito da ita tsakar gida ta zauna a kan wani akwati tana haki. Ta sa shi ya juya mata baya, ta yi magana a hankali. Bai juyo ba. Ta ƙara ɗaga murya kaɗan. Bai juyo ba. Ni da nake gefe na ji ta sarai: tambayarsa take ko ya karya kumallo.

Ta ce da ni, "Kai makaniki, shekara nawa kuke tare ba ka lura ba?"

Na ce, "Malama, a ƙasan nan kowa kurma ne."

Ta sa ya juyo, ta yi masa bayani tana kallon fuskarsa. Gwaggo amo ɗaya take riƙewa, ba ta hawa ba ta sauka. Shi kuma ba da kunne yake kama shi ba, kunnen ya tafi rabi. Da ƙashin bayansa yake ji, da tafin ƙafarsa, sai ya ɗora muryarsa a kai. Fiyanonta ba ya girgiza komai, shi ya sa shekara biyu yake lalube.

Ya ce, "To yanzu sai a kawo mutanen nan ƙasa su saurara?"

Ta yi dariya har da tari. Ta ce, "A'a. Yaye ka za mu yi."

Ga yadda ta tsara. Ta nemo amon Gwaggo a fiyanonta, ta mayar da waƙar gaba ɗaya ta zauna a kansa. Shi kuma kullum da asuba zai rera, amma yana matsawa. Da farko a jikin bututu, sannan tsakiyar ɗaki, sannan bakin ƙofa, sannan matakala ɗaya bayan ɗaya, inda girgizar take raguwa. In ya yi kwana uku a jere daidai a wuri ɗaya, ya hau na gaba. A hankali, in ji ta, jiki zai haddace, ranar da ya fito tsakar gida ya yi daidai, ya gama da Gwaggo. Ni ne mai riƙe waya. Mu aika mata, ta amsa da kalma ɗaya: hau, ko tsaya. In ta ce hau, in ja layi da alli a matakalar.

Auta kuma ta kai shi asibiti. Likita ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, ya ba shi na'urar sawa a kunne. Kwana huɗu ya sa ta. Ya ce duk duniya ta koma kamar ana jan kwanon rufi a kan titi, muryarsa ma ba ya gane ta. Ya mayar da ita cikin kwalinta.

Matakalar farko mako biyu ta ci. Ta uku wata guda, har ya fara cewa ko a nan zai tsufa. Ta huɗu da ta biyar suka zo da sauƙi. Masu lodi da suke tsokanarsa suka koma leƙowa suna duba alli. Wanda ya fara kiransa akuya shi ne yake tambayata da safe, "Injiniya, yau Rediyo a hawa na nawa yake kamawa?" Ni ban san waƙa ba, amma abin da ka ji kullum da asuba wata shida, ko kai dutse ne ka san inda yake lanƙwasa. Na kai in ya kauce ina ji a haƙorina tun kafin Malama ta amsa.

Yana kan ta bakwai, saura wata biyu taro, babbar mota ta shigo da akwatin katako.

Sabon inji ne. Shekara goma ina rubuta wa ofis cewa Gwaggo ta gaji, ba wanda ya kula, sai yanzu. Manaja ya tara mu yana murmushi, ya ce wannan ba ya shan wuta, ba ya ƙara, a kan roba yake zama, ko kofi ka ɗora a kansa ba zai motsa ba. Ya ce kuma shi yake duba kansa, ba ya bukatar mai tsaro. Aka tafa. Rediyo bai ji rabin maganar ba, ya matso ya tambaye ni me aka ce. Na gaya masa.

Ya ce, "Yaushe?"

Na ce, "Ni ne mai haɗawa. Bari mu gani."

Na je na ce wa Manaja ramukan kusoshin ba su dace da daɓen ba, sai an sake zuba siminti. Wannan gaskiya ce, amma aikin kwana biyu ne, na mai da shi na shida. Sannan na ce wayar wutar ta yi siriri, sai an kawo mai kauri. Sannan na yi zazzaɓi. Kwana goma sha shida na sato masa. A cikinsu ya ƙara zuwa da wuri, yana yi har muryarsa ta fara dushewa, Malama ta aiko cewa in ya kashe maƙogwaron ba ruwanta. Bai bar ta bakwai ba. Kwana biyu ya yi daidai, na uku ya zame, a koma farko. Gaggawa ta shiga abin, kafaɗun da aka sha wahalar saukewa suka fara hawa.

Ran na sha bakwai Manaja ya sauko da kansa, abin da bai taɓa yi ba, ya ja kujera ya zauna.

"Injiniya, yau zan ga abin da ya gagara. In kuma aikin ya fi ƙarfinka, kamfanin da ya sayar mana suna da yara."

Na ce, "Bai fi ƙarfina ba, yallaɓai."

Ni na kashe Gwaggo da hannuna. Rediyo ne ya riƙe mini fitila ina kwance bututun. Duk sifanar da na miƙa hannu, ita yake sa mini. Kwana uku muka yi. Masu sayen tsohon ƙarfe suka zo suka yanka ta gida huɗu don ta ƙi bin matakala. Da na tayar da sabon, sai da na kalli fitilarsa kafin na yarda yana aiki. A ranar ofis ya raba mana abin toshe kunne, kowa guda, sabo a leda.

Na gwada abin da na iya. Muna da muryar Gwaggo a waya, na haɗa da babbar lasifika na sa ya jingina. Ya ce yana jin kamar ƙuda a bayan riga. Na ɗaure wata tsohuwar motar lantarki ta famfo a kan katako ya tsaya a kai. Tana girgiza, amma amonta daban, ta ja shi wani wuri. Muka gwada jikin janareta, muka gwada bayan motar kifi tana a kunne. Kowanne da nasa amon. Malama ta kira ni ta ce in daina, ina ruɗa masa abin da ya rage a jiki.

Ya ci gaba da zuwa ƙarfe biyar. Ya tsaya a ɗakin da yanzu kana jin ɗigar ruwa a cikinsa, ya yi kaɗa leɓensa, ya yi numfashinsa, ya rera. Makon farko yana farawa daidai, sai a tsakiya ya zame. Mako na biyu baitin farko kawai. Daga nan na daina aika wa Malama, shi ma bai tambaya ba. Abin da ya fi ci mini rai, shi bai san lokacin da yake zamewa ba. Sai ya gama ya kalli fuskata. Na koyi duƙar da kai cikin akwatin kayan aiki.

Saura mako guda, takarda ta fito: daga Litinin ta bayan taro an mai da shi gadin ƙofa a ma'ajiyar kamfani da take can ƙarshen gari. A Asabar ɗin na raka shi aji don in sauko wa Malama da kayanta, ta fara haɗa su. Bayan kowa ya fita ta tsayar da shi, ta sa ya rera. Ta saurara har ƙarshe, hannunta a haɓa.

Ta ce, "Malam, ba zan yi maka ƙarya ba, tsufana ya wuce nan. Waƙar ba ta zauna a jikinka ba. Da mun samu wata uku, da ta zauna."

Ya ce, "Na sani."

"In kana so, ka tsaya a baya kamar bara, ba wanda zai ce komai. In kuma kana so ka fito, sunanka yana takarda, ba zan cire ba. A cikin duk waɗanda na koyar ba wanda ya yi aikin da ka yi."

"In na fito, zai yiwu in dace?"

"Zai yiwu. Wani lokaci jiki yana tunawa."

"Kashi nawa cikin goma?"

Ta kalli taga. Ta ce, "Ban iya lissafi ba."

Ya ce zai fito.

A hanya na ce masa, "Yaya, ba dole ba ne fa."

Ya ce, "Me ka ce?" Ban sani ba ko bai ji ba ne. Ban maimaita ba.

Ranar taro da la'asar aka fara. Zauren yana warin alli da ƙura, an jera kujerun roba kamar tamanin, an cika fiye da rabi. Auta ta zo da ƙawayenta biyu, ta kama mini wuri kusa da ita. Masu lodi huɗu suka zo da kayansu masu kyau, suka zauna a baya suna ta gyara wuyan riga. Shi ne na shida. Ma'aikacin banki ya yi, 'yan mata uku suka yi, direba ya manta baiti ya yi dariya aka taya shi.

Ya fito da farar rigar da Auta ta goge masa. Ya tsaya yadda aka koya masa, ƙafa a ɗan ware, kafaɗa a sauke. Na ga cikinsa ya cika. Malama ta danna amon, ta daɗe a kai, ta sake dannawa, tana kallonsa.

Ya fara a ƙasa da amon. Ba da nisa ba, amma kowa ya ji. Malama ta yi sauri ta sauko da kiɗan ta same shi, kafin ta iso ya riga ya matsa. Haka suka yi ta yi, tana binsa yana gaba. Muryar kuwa ba abin da ya same ta. Ta cika zauren har bango, mai kauri, a buɗe, kowace kalma tana fita tas, numfashi bai yanke ba. Da a ce a shaƙe take kamar da, da ba a ji kuskuren sosai ba. Shekara uku ya yi yana gyara ta, yanzu ba inda kuskuren zai ɓuya.

Wani yaro a gaba ya kalli uwarsa, ta danne masa gwiwa. Ɗaya daga ƙawayen Auta ta sunkuyar da kai tana wasa da jakarta. Auta ta ɗaga waya tana ɗauka, can sai na ga ta sauke ta a cinya. Ta ce da ni a hankali, "Kawu, ya sani?"

Na ce, "A'a."

Ya kai ƙarshe. Sautin ƙarshe ya riƙe shi tsawon da ba wanda ya riƙe a ranar, a wurin da ba nasa ba. Aka tafa. An tafa sosai ma, masu lodi har da miƙewa, kuma ba tsokana suke ba. Ya tsaya yana bin fuskoki da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ya kalli Malama, ta yi masa murmushi ta gyaɗa kai. Ya sauka.

Bayan an tashi mutane suka yi ta kama hannunsa. Wata mata ta ce Allah ya ba shi murya. Auta ta riƙe hannunsa ta ce, "Baba, har waje ana jin ka." Ya yi ta godiya. Ni na fita baranda na tsaya, don na san abin da yake tafe. Ya same ni a can.

"Injiniya."

"Na'am, Yaya."

"Kai ba ka iya daɗin baki ba, shi ya sa nake tambayarka. Na samu?"

Na ce, "Numfashinka bai yanke ba ko sau ɗaya."

"Ba shi na tambaye ka ba. Ka kalle ni ka faɗa, don in gani."

Na kalle shi. Na ce, "Ba ka samu ba."

"Daga ina?"

"Tun daga farko."

"Duka?"

"A baiti na biyu akwai inda ka faɗo kan hanya. Ka yi kamar kalma huɗu a kai, sannan ka wuce."

Ya ce, "Huɗu."

Na ce, "Ko biyar."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗan tsaya yana kallon filin makarantar, inda ɗan Malama yake juya mota. Na so in ce wani abu game da injin, cewa ni na rubuta takardun nan shekara goma, ni kuma na kashe Gwaggo. Ban faɗa ba, ba abin da zai gyara. Ma'ajiyar da aka kai shi hawan mota biyu ce daga wurinmu. Kullum ina cewa zan je, har yau ban je ba, daga baya ma na ji ya bar aikin ya koma wurin babban ɗansa.

A ciki mai gadin makarantar ya fara tafa hannu yana cewa a taimaka a fitar masa da kujeru, zai rufe. Mutane suka yi kamar ba su ji ba, suna ta ɗaukar hoto. Rediyo ya cire farar rigar ya miƙa wa Auta, ya rage daga shi sai singileti. Ya shiga ya fara tattara kujerun, biyar biyar, yana kaiwa ɗakin ajiya. Na ɗauki nawa na bi shi. Da na gaji na ce masa zan wuce, ya ɗaga mini hannu bai juyo ba. Daga bakin ƙofa na waiwaya, na ga ya sauke wani jeri da wani ya ɗora a karkace, yana sake jera shi ɗaya bayan ɗaya.